Labarin Yaƙi Tsakanin Ƙidayar Mamata da Muryar Waɗanda Suka Tsira

Ranar 16 ga watan Maris na 1968, rundunar sojan Amurka a Biyetnam ta shaida wa manema labarai cewa dakarunta sun yi arangama da 'yan kwaminis a lardin Quang Ngai, kuma sun hallaka mayaƙa 128. Washegari jaridun Amurka suka ɗauki labarin yadda aka ba su shi. Idan aka ɗora wannan rahoto a kan sikelin da ake koya wa ɗaliban aikin jarida, da wuya a same shi da aibi, domin ya faɗi wuri, ya faɗi rana, ya kawo adadi, ya jingina maganar ga majiya sananniya, kuma wakili bai tsoma ra'ayinsa ko na kalma ɗaya ba. Abin da ya auku a ƙauyen My Lai a wannan safiya kuwa shi ne, sojoji sun tattara mata da tsofaffi da ƙananan yara, wasu a bakin wani ramin ban ruwa, suka buɗe musu wuta. Hukumomin Biyetnam sun jera sunayen mutum 504, binciken da sojan Amurka ya yi da kansa ya amince da 347, kuma sai da aka shafe wata ashirin kafin duniya ta ji gaskiyar lamarin.

Nakan tuna wannan rahoto duk sa'ad da aka tayar da muhawarar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin 'yan jarida, wato wane salo ne ya fi cancanta da labarin yaƙi. Akwai rahoto na yau da kullum, gajere, busasshe, wanda ke amsa tambayoyin wa da me da ina da yaushe, sannan ya yi shiru. Akwai kuma rahoto mai salon adabi, wanda marubucinsa ke zama da mutane kwana da kwanaki, ya ari dabarun masu ƙagaggun labarai wajen tsara abin da ya gani, har mai karatu ya ji kamar shi ne a tsaye cikin ƙura da hayaƙi. Masu kare na farko suna zargin na biyu da ƙarin gishiri da wasa da zukatan jama'a. Masu kare na biyu suna cewa na farko ya mayar da 'yan Adam lambobi. Ni dai ina tare da masu cewa ba a iya fahimtar yaƙi sai da dogon rubutu mai rai, amma da sharaɗi guda wanda ba na sassautawa a kansa: marubucin yana da 'yancin zaɓe da tsarawa da ƙawata jimla, ba shi da 'yancin ƙirƙirar ko da ƙwayar zarra.

Gajeren rahoto yana da haƙƙinsa, kuma rashin adalci ne a raina shi. Larura ce ta haife shi. A 1846, lokacin yaƙin Amurka da Meziko, wasu jaridun birnin New York suka haɗa kai don raba kuɗin kawo labari daga fagen daga, kuma daga wannan haɗin ne kamfanin dillancin labarai na AP ya samo asali. Da wayar tangaraho ta zama hanyar aika labari, kowace kalma kuɗi ce, saboda haka aka saba da sa mafi muhimmanci a jimlar farko, sauran bayanai su biyo baya gwargwadon nauyinsu, ta yadda edita zai iya datse wutsiyar labari ba tare da ya taɓa kansa ba. Kamfanin da ke sayar da labari ɗaya ga jaridu masu ra'ayoyi mabambanta kuwa dole ya kame bakinsa daga yabo da zagi. Wanda ɗansa ke bakin daga, ko wanda ke son sanin ko hanyar fita daga gari a buɗe take, wannan rahoton yake buƙata, a kan lokaci, ba tare da ado ba. Babu marubucin adabin da zai iya yi masa wannan hidima.

Rauninsa yana cikin abin da ya ba shi ƙarfi. Tunda sauri ake yi, kuma tunda ba a yarda wakili ya faɗi abu da bakinsa ba sai ya rataya shi a wuyan wani, wanda ya fi saurin magana shi ke mallakar labarin, kuma a lokacin yaƙi babu mai saurin magana kamar kakakin soja. Yana da ofis, yana da lasifika, yana da adadi a shirye. Matar da aka rushe wa gida ba ta da ko ɗaya daga ciki. A birnin Saigon, kullum da yamma jami'an soja sukan tara 'yan jarida su karanta musu ƙidayar abokan gaba da aka kashe, har wakilan da kansu suka laƙaba wa taron sunan shiririta, amma duk da haka alƙaluman sukan bi waya su isa shafin farko. Tare da adadin kuma kalmomin kakakin ke shigowa. Idan ya ce an kai hari kan maɓoyar abokan gaba, an kuma samu ɓarnar da ba a nufa ba, wakilin da ke tsoron a ce ya ɗauki ɓangare sai ya maimaita kalmomin yadda suke, alhali maimaitawar ita kanta ɗaukar ɓangare ce. A ranar 26 ga Mayu na 2004 jaridar New York Times ta fito ta amsa wa masu karatunta cewa rahotanninta kan makaman ƙare-dangi da aka ce Iraƙi ta mallaka ba su samu binciken da ya kamata ba. Waɗannan rahotanni duk suna da majiya, duk an rubuta su da murya mai sanyi, kuma sun taimaka wajen share hanyar yaƙi.

Akwai kuma abin da adadi ke yi wa zuciya, wanda na gani a kaina. Na sha jin an ce mutum arba'in sun rasa rayukansu a wani hari, in yi salati, in ci gaba da abin da nake yi, kafin awa ɗaya na manta sunan garin. Washegari a ce sittin, jibi a ce goma sha biyu, sai kunne ya fara auna su da juna, har ya ɗauki goma sha biyu a matsayin rana mai sauƙi. Wannan ba mugunta ba ce, iyakar ɗan Adam ce, domin zuciya ba ta san yadda ake makokin arba'in a dunƙule ba, ɗaya bayan ɗaya ta sani. Masu shirya yaƙi sun san da wannan, kuma ba ya damunsu a ƙirga gawa matuƙar ba a ba ta suna ba.

Babu inda aka ga bambancin a fili kamar Hiroshima. An jefa bam ɗin nukiliya a kan birnin da ƙarfe takwas da kwata na safiyar 6 ga Agusta, 1945, kuma jaridu sun ba da labarin nan take: ƙarfin bam ɗin, faɗin wurin da ya shafe, jawabin Shugaba Truman. Wakilin New York Times kan kimiyya, William Laurence, wanda ya fi kowa rubutu a kan makamin, a lokacin yana aiki ne tare da ma'aikatar yaƙi ta Amurka, kuma rahotanninsa sun taimaka wajen rage nauyin batun tururin nukiliya da ke ci gaba da kashe mutane. Wani ɗan jarida ɗan Ostireliya, Wilfred Burchett, ya bi jirgin ƙasa shi kaɗai ya isa birnin a farkon Satumba, ya rubuta wa jaridar Daily Express ta Landan cewa mutanen da ba su ji ko ƙwarzane ba suna ta mutuwa da wata cuta da ba a gane ba. Hukumomin soja suka ƙaryata shi. A watan Nuwamba na wannan shekara Janar Leslie Groves, wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin, ya faɗa wa wani kwamitin majalisar dattawa cewa likitoci sun ce mutuwa ta wannan hanya mai daɗi ce.

Ana cikin wannan hali ne ɗan jaridar Amurka John Hersey ya je Japan a 1946, ya zauna da waɗanda suka tsira, ya zaɓi shida daga cikinsu: likitoci biyu, wani fasto ɗan Japan, wani limamin Katolika Bajamushe, wata budurwa ma'aikaciyar ofis, da wata bazawara matar tela mai 'ya'ya uku. Ya fara da inda kowannensu yake da abin da yake yi a daidai lokacin da hasken ya walƙa, sannan ya bi su awa bayan awa. Budurwar, Toshiko Sasaki, kantocin littattafai ne suka rufto mata suka karya mata ƙafa. Fasto Tanimoto ya samo wani ɗan jirgin ruwa yana tsallakar da masu rauni, ya kama hannuwan wata mata don ya ja ta ciki, sai fatar hannun ta saɓule ta biyo shi. Limamin, Kleinsorge, ya iske wasu sojoji a cikin kurmi idanunsu sun narke, bakunansu sun kumbura har ba sa iya kafa kai a butar ruwa, sai ya tsinko karan ciyawa ya yi musu abin zuƙa. Bazawarar, Hatsuyo Nakamura, kafin ta gudu da 'ya'yanta sai da ta ɗauki keken ɗinkin marigayi mijinta, wanda shi ne kaɗai hanyar abincinsu, ta tsoma shi cikin kwatarnin ruwa na siminti da ke ƙofar gida don kada wuta ta ci shi.

Wannan keken ɗinki ya daɗe a raina fiye da kowane adadi da na karanta game da Hiroshima. Mace ce da birni ya rushe a kanta, ba ta san mene ne ya faɗo ba, amma tana tunanin gobe da abin da yara za su ci. Duk wanda ya karanta wannan ya san ta, ko da bai taɓa jin sunan Japan ba, kuma daga lokacin ba zai iya jin kalmar abokan gaba yadda yake jin ta a da ba. Mujallar The New Yorker ta ba da fitowarta ta 31 ga Agusta, 1946 kacokan ga wannan rubutu mai kalmomi kusan dubu talatin, aka sayar da ita ƙarƙaf, aka karanta shi a gidan rediyo dare huɗu a jere. Bayan 'yan watanni, a Fabrairun 1947, tsohon sakataren yaƙi Henry Stimson ya ga ya zama dole ya fito a mujallar Harper's ya kare shawarar jefa bam ɗin. Shekara guda ana buga alƙaluma ba wanda ya ji bukatar kare kansa, sai da aka ba mutum shida suna.

Abin lura a nan shi ne, Hersey bai yi kuka a shafi ba, bai zagi kowa ba, bai ma ambaci kansa ba. Muryarsa ta fi ta kamfanin dillancin labarai sanyi. Adabin da ke cikin aikin yana wurin zaɓen mutanen, da haƙurin sauraro, da tsarin da ya sa labaransu ke saƙuwa da juna, da kuma idon da ya san cewa keken ɗinki ya cancanci shiga tarihi. Mutane da yawa suna ɗaukan salon adabi a matsayin kalmomi masu ƙyalli da kwatance masu tsuma jiki, kuma wannan kuskure ne da ya ɓata marubuta ba adadi. Jarin wannan salo lokaci ne da kusanci, abubuwa biyu da wakilin yau da kullum ba ya samu saboda edita na jiransa kafin ƙarfe shida.

Sai dai a nan ne ramin yake, kuma manya sun faɗa cikinsa. Wanda ya ari kayan aikin mai ƙagaggen labari yana tare da jarabar mai ƙagaggen labari. Rayuwa ba ta zuwa a tsare, shaidu sukan yi ta kame-kame, maganar da za ta rufe babi da kyau sau da yawa babu wanda ya faɗe ta. Michael Herr, wanda ya je Biyetnam a 1967 a madadin mujallar Esquire, ya fitar da littafi a 1977 da har yau ake jinjina wa a matsayin ɗaya daga cikin mafi ƙarfin rubutu kan wannan yaƙi, amma daga baya ya amsa da bakinsa cewa wasu mutanen da wasu hirarrakin da ke ciki shi ya ƙaga su. Ryszard Kapuściński na Poland ya yi shekaru yana aika wa kamfanin dillancin labaran ƙasarsa gajerun rahotanni daga Afirka da Latin Amurka, yana kuma tara abin da bai shiga waya ba don littattafansa, ciki har da na yaƙin Angola na 1975. Bayan rasuwarsa, tarihin rayuwarsa da Artur Domosławski ya wallafa a 2010 ya nuna wurare da dama da ya ƙetare iyakar abin da ya gani, kuma tun kafin nan masana tarihin Habasha sun yi ta ƙorafi kan abin da ya rubuta game da fadar Haile Selassie. Na karanta shi da sha'awa, kuma har yanzu ina jin zafin cewa ban san wane shafi zan dogara da shi ba.

Mafi muni shi ne abin da ya fito fili a Jamus a Disambar 2018, lokacin da mujallar Der Spiegel ta bayyana cewa tauraron marubucinta Claas Relotius, wanda ya sha karɓar lambobin yabo, ya daɗe yana shara ƙarya a rahotanninsa. Cikin su akwai labarin wasu marayu biyu 'yan Siriya, yaro da 'yar'uwarsa, da aka ce yaƙi ya kora su Turkiyya suna aikin wahala, labarin da ya sa masu karatu zubar da hawaye har wasu suka aika da gudunmawar kuɗi. Abokin aikinsa Juan Moreno ne ya bi diddigi ya tona asirin, bayan ya sha fama da shugabannin da suka ƙi yarda da shi da farko. Marayun Siriya na gaske suna nan birjik a lokacin, kowannensu da labarin da ya isa ya girgiza dutse, amma marubucin ya ga ƙagawa ta fi masa sauƙi da kyan tsari.

Masu kare irin wannan sukan ce akwai gaskiyar da ta fi ta zahiri zurfi, wai idan marubuci ya haɗa sojoji uku ya yi mutum ɗaya, ko ya sa wa wata uwa maganar da ba ta faɗa ba amma da za ta iya faɗa, bai yi ƙarya ba, ya dai fito da ainihin yaƙi ne. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Wanda ke son wannan 'yanci ƙofar ƙagaggen labari a buɗe take gare shi, kuma aiki ne mai daraja, sai ya rubuta a bangon littafinsa cewa ƙirƙira ce. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya ci amanar da ake ba ganau, sannan ya yi aikin mai tatsuniya. Mai karatu yana ba rahoto wani irin imani da ba ya ba ƙage, kuma da wannan imani ne yake yanke hukunci a kan ƙasashe da shugabanni da al'ummu. Hersey kansa, wanda a farkon aikinsa ya taɓa haɗa sojoji da yawa ya yi mutum ɗaya a wani rubutu, ya dawo a 1980 ya rubuta maƙala yana cewa sharaɗin lasisin ɗan jarida shi ne kada ya ƙaga komai.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a yaƙi shi ne, kowace ta'asa tana da masu jiran musanta ta. Lokacin da jiragen Jamus da Italiya suka yi wa garin Guernica na Sifaniya ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu, 1937, ɓangaren Janar Franco, wanda jiragen ke mara wa baya a yaƙin basasar ƙasar, ya ce mutanen garin ne suka cinna wa garinsu wuta. Abin da ya tsaya wa gaskiya shi ne rahoton George Steer a jaridar The Times ta Landan, mutumin da ya isa garin cikin dare wuta na ci, ya yi magana da waɗanda suka tsira, ya kuma tsinci ɓurɓushin bama-baman da ke ɗauke da tambarin Jamus. Da a ce an kama Steer da ƙaga mutum ɗaya tak a wannan rahoto, da masu musu sun samu igiyar da za su ja su warware duka. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma garin da ke ɓacin a nan haƙƙin mamata ne, waɗanda ba su da sauran abin da suka mallaka sai a yarda cewa an kashe su.

Ya kamata a bambance ƙage da kuskure. Vasily Grossman, wakilin jaridar sojan Tarayyar Sobiyet, yana cikin na farko da suka isa sansanin kisan Yahudawa na Treblinka da ke Poland a 1944, bayan 'yan Nazi sun rushe shi sun yi shuka a kai don ɓoye sawu. Ya tattara shaida daga tsirarun da suka kuɓuta da mazauna kewaye, ya rubuta bayanin da har aka yi amfani da shi a shari'ar shugabannin Nazi a Nuremberg. Amma ya ƙiyasta cewa an kashe mutum miliyan uku a wurin, alhali masana tarihi daga baya sun tsayar da adadin tsakanin dubu ɗari takwas da dubu ɗari tara. Grossman bai yi ƙarya ba, lissafi ya yi da abin da ke hannunsa ya kuskure. Darasin da na ɗauka shi ne, marubuci mafi gaskiya ma, idan abin da ya gani ya cika masa ƙirji, yana buƙatar mai busasshiyar zuciya a bayansa da zai sake ƙirgawa. Wannan aikin ɗakin labarai ne da masu tantance bayanai, kuma dogon rubutu ya fi gajere buƙatarsa.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, wadda ba zan iya kawar da kai daga gare ta ba. Idan labarin mutum ɗaya yana motsa zuciya fiye da adadi, to makami ne da kowa zai iya ɗauka. A ranar 10 ga Oktoba, 1990, wata yarinya 'yar shekara 15 da aka gabatar da sunan Nayirah kawai ta tsaya gaban wasu 'yan majalisar Amurka tana kuka, ta ce ta ga sojojin Iraƙi suna fitar da jarirai daga kwalaben renon bakwaini a wani asibitin Kuwait suna barin su a ƙasa su mutu. Shugaban ƙasa ya maimaita labarin, sanatoci suka kafa hujja da shi, aka tafi yaƙi. Sai a 1992 aka bayyana cewa 'yar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma wani kamfanin tallata manufofi ne ya shirya fitowarta, bincike kuma bai tabbatar da abin da ta faɗa ba. Duk abin da ke sa rubutun Hersey ya yi aiki yana cikin wannan shaida: fuska ɗaya, murya ɗaya, ƙaramin abu da ido ke iya gani. Bambancin kawai shi ne ɗaya ya faru, ɗaya bai faru ba, kuma hawayen mai sauraro ba ya iya rarrabe su. Abin da ke rarrabe su shi ne tambayoyin nan marasa daɗi na wakilin yau da kullum: wace ce ke, a wane ɗaki, wa kuma ya gani?

Ko da marubuci bai ƙaga komai ba, akwai sauran nauyi a kansa, domin kalmomin da yake sarrafawa na wasu ne. Svetlana Alexievich ta Belarus, wadda ta samu kyautar Nobel ta adabi a 2015, ta gina aikinta a kan ɗaruruwan hirarraki, ciki har da na iyayen sojojin Sobiyet da aka dawo da gawawwakinsu daga Afganistan cikin akwatunan ƙarfe a liƙe, a yaƙin da ya ci sojojinsu kusan 15,000 tsakanin 1979 da 1989. Aiki ne da ya buɗe abin da gwamnati ta rufe. Duk da haka wasu daga cikin waɗanda ta yi hira da su sun kai ta kotu a birnin Minsk a farkon shekarun 1990, suna cewa ta juya maganarsu. Akwai alamun hannun siyasa a shari'ar, amma tambayar da ta tayar tana nan daram: uwar da ta buɗe wa baƙo cikinta a ranar baƙin ciki, ta san cewa za a datse maganarta, a jera ta kusa da ta wasu, ta zama hujja a wata muhawara da ba ta shiga ba? Haka kuma ina ganin rashin kyautawa a yadda wasu baƙin marubuta ke mayar da kansu jaruman labari, alhali tafinta da direba da ɗan jaridar gida da suka kai su wurin, waɗanda za su ci gaba da zama cikin haɗarin bayan baƙo ya hau jirgi, ba a ko ambace su. Ƙididdigar ƙungiyoyin kare 'yan jarida ta daɗe tana nuna cewa mafi yawan waɗanda ake kashewa 'yan gida ne.

In muka koma My Lai, wanda ya fasa ƙwan ba marubucin adabi ba ne. Seymour Hersh ne, ɗan jarida mai zaman kansa, wanda ya ji ƙishin-ƙishin, ya bi sawu daga ofis zuwa barikin soja har ya samu Laftana William Calley, ya rubuta busasshen rahoto cewa ana tuhumar jami'in da kisan farar hula 109. Wani ƙaramin kamfanin dillancin labarai ne ya raba shi a Nuwambar 1969, jaridu sama da talatin suka buga. Salon da ya ɗauki ƙaryar 128 shi ne dai ya tona ta, da ya samu mutumin da ya ƙi tsayawa a bakin kakakin soja. Wannan ya sa nake ganin an ja layin muhawarar a inda bai dace ba. Hersh da Hersey sun fi kusa da juna fiye da yadda Hersey yake da Relotius, duk da cewa biyun ƙarshe ne ake sa wa suna ɗaya. Dukansu biyu sun je, sun tambayi wanda abin ya shafa, sun ƙi rubuta abin da ba su tabbatar ba. Marie Colvin ta jaridar Sunday Times ta haɗa biyun a rahotonta na ƙarshe daga unguwar Baba Amr ta birnin Homs, inda ta shiga wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa cike da zawarawa da yara ta rubuta abin da suka faɗa mata, tare da bayanin luguden wutar da gwamnatin Siriya ke musantawa. An kashe ta a can ranar 22 ga Fabrairu, 2012, kwanaki kaɗan bayan an buga shi.

Abin da nake nema a wurin editoci da masu kafafen yaɗa labarai shi ne su daina ɗaukan dogon rahoto a matsayin kayan alatu da ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, su kuma daina sassauta masa bincike don ya yi daɗin karatu. A ba wakili wata guda, a ba shi tafinta nagari da za a rubuta sunansa idan hakan ba zai jefa shi cikin haɗari ba, sannan a sa wani ya bi kowane suna da kowace magana ya tabbatar kafin a buga. Fiye da komai, a mayar da shi wurin bayan an tsagaita wuta kyamarori sun watse, domin a lokacin ne yawancin yaƙin ke farawa ga waɗanda suka rayu. Hersey ya koma Hiroshima shekara arba'in bayan jefa bam ɗin, a 1985, ya nemi mutanensa shida. Ya iske limamin Bajamushe ya zama ɗan ƙasar Japan ya sauya suna, ya rasu a 1977 bayan doguwar jinya. Budurwar da littattafai suka danne ta shiga zaman zuhudu a cocin Katolika, ta yi shekaru tana kula da marayu da tsofaffi. Nakamura kuwa an ciro keken daga ruwa ya yi tsatsa, aka gyara shi ta yi ɗinki da shi na wani lokaci, sannan rashin lafiya ta tilasta mata sayar da shi don ta biya kuɗin magani.